Gabas Sak

Ranar Litinin da hantsi Baffa Sama'ilu, ƙanen mahaifinmu, ya shigo gidanmu na Roni da kwando a hannu, ya dire shi a tsakar gida. Matattun kifi ne a ciki, kamar kullum. Ya ce shi fa ya gaji, ya riga ya yi magana da masu guduma, ranar Asabar za su zo su fasa tafkin simintin da ke bayan gida, a share wurin a kafa wa tumaki turke.

Ina bakin murhu ina tace zoɓo, don sana'ata ke nan. Na dubi Inno, mahaifiyarmu. Tana zaune a kan tabarma, carbinta ya tsaya cak a hannunta.

Tafkin nan Baba ne ya gina shi a shekararsa ta ƙarshe. Girmansa bai wuce na babban ɗaki ba. Ya ja masa ruwa da bututu daga tankin burtsatse, ya yi masa mafita a ɗaya ɓangaren, ya dasa gwaiba a gefe, amma Allah bai nufa ya ga ko kifi ɗaya a ciki ba. Bayan rasuwarsa muka zuba karfasa, suka riƙa mutuwa. Muka zuba ƙananan tarwaɗa, su ma haka. An canza abinci, an kira malamin dabbobi, an wanke tafkin har simintin ya yi fari. Kullum da safe sai Baffa ya kwashe gawa, kuma kullum a kusurwa ɗaya, ta kudu, daura da inda ruwa yake shigowa. Ban ga laifinsa ba da ya gaji. Amma Inno, tun da yanar ido ta rufe mata gani, ba ta da wurin zama sai bakin tafkin nan. Can take wuni, can take sallolinta na rana. Na san in aka fasa shi, ranta ma sai ya fashe tare da shi.

Ban tsaya wanke hannu ba na ɗauki waya na kira ƙanwata Shahida. Ita tana Kazaure, tana koyarwa a kwalejin fasaha. Karatun da ta yi na yadda ruwa da iska suke tafiya ne, kuma ban yi mamaki ba, don tun tana ƙarama in aka aike ta zubar da ruwan wanke-wanke sai ta tsuguna a bakin kwata tana kallon yadda yake juyawa, har sai an bi ta da tsawa.

"Adda Fatu, ki ce da Baffa ya ba ni zuwa Juma'a," in ji ta. "Jarrabawa muke yi, ba zan iya fitowa ba, amma zan zuba tafkin a kwamfuta in ga abin da ruwan yake yi. Ba shi wayar."

Na miƙa masa. Ta sa ya ɗauko tef ɗin awo, ya auna mata tsawo da faɗi da zurfi, yana yi yana mita. Ta ce yadda bangon yake kwance ta gani a hoton tauraron ɗan'adam, daga yamma zuwa gabas yake, ya bi jikin titi. Bututun ne ba ta gani, gwaiba ta rufe shi. Na sa wayar a babbar murya, don haka da kunnena na ji sauran.

"Baffa, bakin bututun nan ina yake kallo?"

"Gabas."

"Gabas sak?"

"Sak! Ko liman ya zo ba abin da zai gyara."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, ni ma na yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ta a adaidaita sahu, jaka a kafaɗa, bakinta har kunne. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta durƙusa ta gai da Inno a gurguje, ta gai da Baffa, ta kife mini turmi a bakin tafki ta ɗora kwamfutarta a kai, kamar don ita aka sassaƙa shi.

"Ku matso ku gani! Tafkin nan ba shi da laifin komai!"

Muka matsa. Ga tafkinmu nan a jikin gilashi, an zana shi, an kuma yanka shi gida-gida ƙanana kamar idon rariya. Ta ce a kowane gida kwamfutar tana lissafa inda ruwa ya nufa da irin saurinsa, sannan ta miƙa wa gidan da ke kusa, shi ma ya miƙa gaba. Ta danna wani wuri, sai ga ɗige-ɗige suna fitowa daga bakin bututu, suna gudu.

"Kowane ɗigo yana ɗauke da shekarunsa," in ji ta. "In sabon shiga ne, shuɗi ne. In ya daɗe a ciki bai fita ba, sai ya fara ja. Ruwan da ya yi ja ya tsufa, iskarsa ta ƙare, kashin kifi ya taru a ciki. Shi muke nema."

Wallahi abin ya burge ni. Ɗige-ɗigen suka bi tsakiyar tafki a miƙe, suka daki bangon gabas, suka rabu biyu, rabi suka zagayo ta arewa, rabi ta kudu, suka share kowace kusurwa sannan suka fice. Ko'ina shuɗi. Na fara jin daɗi, har na taɓa kafaɗar Inno na ce mata ana ganin alheri.

Baffa kuwa ya juya. Ya kama hanya zuwa kusurwar kudu, ya yafito Shahida da hannu.

"Zo nan, Injiniya. Sa hannunki."

Ta tsuguna ta sa. Na ga fuskarta ta canza. Ruwan wurin ɗumi ne, kore, da yauƙi, ga wani ɗan wari. Wani ganyen gwaiba yana kai, yana juyawa a hankali a wuri ɗaya, bai san hanyar fita ba.

"To," in ji Baffa, "ki gaya wa akwatin naki ya zo ya sansana. Ni dai ban iya boko ba, amma hancina lafiyarsa ƙalau. Gobe masu guduma suna nan tafe."

Ran Shahida ya ɓaci, ba da Baffa ba, da kanta. Ta koma bakin turmi ta shiga bin lambobi. Ta karɓi tef ta sake auna tsawo, daidai. Faɗi, daidai. Zurfi, daidai. Ta tari ruwan mafita a bokiti ta ga yawansa, shi ma daidai. Tana yi tana magana ita kaɗai, gyalenta ya zame ba ta sani ba. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, don ta sa na yi wa Inno albishir da wuri.

Ana haka aka kira la'asar. Baffa ya tafi masallaci. Inno ta yi alwala, ta ɗauki dardumarta, ta lallaɓa zuwa gindin gwaiba. Abin da take yi kullum shi ta yi: ta sunkuya, ta laluba ƙasa har hannunta ya sami bututun, ta shafa shi daga baya zuwa gaba, sannan ta shimfiɗa dardumar a jikinsa, gefe da gefe, ta ta da kabbara. Na ga wannan sau ba adadi, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Shahida kuwa ta ɗago kai, ta ƙura wa dardumar ido. Ta dubi bangon tafki. Ta sake duban darduma. Sai ta miƙe zumbur har ta kusa ture kwamfutar, ta damƙi hannuna da ƙarfi, ta rufe bakinta da ɗaya hannun don kada ta yi ihu Inno tana salla.

"Adda! Adda, dubi! Dardumar ba ta bi bango ba!" Da raɗa take magana. "Ta karkata! Gabas biyu ce!"

"Ke, wace irin magana ce wannan? Gabas ɗaya Allah ya yi."

"Ta taswira daban, ta salla daban! Alƙiblarmu ba ta kallon mafitar rana daidai, ta ɗan karkata arewa. Baffa ya ce mini gabas, yana nufin ta salla. Ni kuma na ce wa kwamfuta gabas, ta ɗauka ta taswira. Har liman ya ambata, ban gane ba!"

Ta yi ta dariya ba sauti, tana dukan cinyarta. Da Inno ta sallame, ta ruga ta ɗora wayarta a kan bututun, ta buɗe allurar da ke nuna arewa, ta karanta karkatar. Ta dawo ta gyara wa kwamfutar wannan abu ɗaya tak, ta danna. Fankar cikin kwamfutar ta shiga gurnani. Muka yi salla, muka dawo muka zauna muna jira, ni ina kallon gilashi, ita tana cizon farce.

Baffa ya dawo daga masallaci daidai lokacin da ɗige-ɗigen suka fara fitowa. Wannan karon ba su bi tsakiya ba. Suka fita a karkace, suka manne wa bangon arewa, suka bi shi da gudu har mafita, suka fice abinsu, ko waiwaye babu. A ɓangaren kudu kuwa sai ga wasu sun kama zagaye, a hankali, suna komawa inda suka fito. Shuɗinsu ya fara dishewa. Suka yi ruwan goro. Suka yi ja. Kusurwar kudu, daura da bakin bututu, ta yi jawur.

"Ga shi nan!" Shahida ta ƙwala ihu. "Ga kusurwarka, Baffa! Sabon ruwa yana shigowa ya fice ta can, wannan kuwa yana nan yana juyi, ba ya haɗuwa da kowa!"

Baffa ya sunkuya, ya gyara hula. Na ga abin ya shige shi, amma shi ba mutum ba ne mai saurin ba da kai.

"Ɗazu akwatin nan ya ce fari, yanzu ya ce baƙi. In na fita na dawo wa ya san me zai ce? A ruwa nake son in gani, ba a gilashi ba."

Shahida ta juyo ta dube ni, irin kallon da take mini tun muna yara in tana son abin da ke hannuna.

"Adda Fatu, zoɓon nan na kasuwar gobe, kin sa masa sukari?"

"Ban sa ba. Kuma kada ki soma."

Ta soma. Tukunya guda, mai kauri, wadda na tashi tun asuba na dafa, ita muka kinkimo mu biyu zuwa bakin tafki. Ta ce ba zai cutar da kifin ba, ruwa zai tsinka shi. Kafin ta zuba sai ta tsaya a gaban Baffa, ta nuna da yatsa: ta nan zai bi, nan zai taɓa bango, can zai fita, wannan kusurwar kuwa ba zai leƙa ta ba. Sannan ta tuttula shi a hankali a bakin bututu.

Jan nan ya fita kamar an ja zare. Ya karkata arewa. Ya taɓa bango daidai inda yatsanta ya nuna. Ya bi bangon, mu ma muka bi shi ta waje da sassarfa, ni da zani a hannu, Baffa yana ta "La ila! La ila!" har ya kai mafita ya fara zuba jawur a lambatu. Muka waiwaya kusurwar kudu. Kore shar, ganyen gwaiban nan yana ta juyinsa.

Ni da aka yi wa asarar zoɓo, ni na fi kowa tsalle. Maƙwabta har leƙe suka yi ta katanga. Baffa ya cire hula ya fifita kansa da ita, yana dariya.

"Ashe abin kaɗan ne! Ai sai a tone bututun a miƙar da shi. Fatu, ina digar nan?"

Ya ɗauko diga ya nufi gindin gwaiba.

"Sama'ilu, ajiye."

Inno ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya. Tana zaune a kan dardumarta, tafin hannunta a kan bututun.

"Inno, ai ɗan gyara ne," in ji Baffa. "Kin ji dai abin da yarinyar nan ta gano."

"Na ji. Ba mai taɓa shi." Ta shafa bututun. "Lokacin da babansu yake wannan aiki, idona ya fara tafiya, shi kuma ya san jikinsa. Mai aikin famfo ya ce a ja shi a miƙe, ya ce a'a. Da kansa ya kira liman ya duba masa, da hannunsa ya kwantar da shi. Ya kamo hannuna ya ɗora a nan, ya ce, in ba na nan, ba sai kin tambayi kowa gabas ba. In sai an taɓa shi kifin zai rayu, to a fasa tafkin, a bar mini bututuna."

Ba wanda ya san wannan a cikinmu. Baffa ya jingine digar da bango a hankali, ya juya mana baya, yana goge ido da hular. Ni kuwa kuka na yi, ban ɓoye ba. Murnar da muke yi ta koma ciki, don ga shi mun gano ciwon, maganin kuma ya fi ƙarfinmu.

Shahida ta je ta durƙusa a gaban Inno. Ta daɗe tana kallon inda bututun ya shige bango ya ɓulla a cikin ruwa. Can sai na ga idonta ya sake kawo wuta.

"Inno, ba za a taɓa shi ba. Ruwa bai san daga ina ya taso ba, bakin ƙarshe kawai yake bi. In muka ƙara masa ɗan guntu a ciki, a ƙarƙashin ruwa, mai lanƙwasa, na waje yana nan yadda Baba ya bar shi."

Ta koma kan turmi. Ta gwada lanƙwasa babba, ruwan ya tsallaka ya manne wa bangon kudu, jan ya koma arewa. Ta ce irin mahaɗin da ake sayarwa a shago ke nan, ya yi yawa. Ta rage, ta sake jira, ta sake ragewa. Kafin magariba ta samu wadda ta sa gilashin ya koma shuɗi, ta zana ta a bayan kwalin sukarina. Baffa ya karɓi kwalin ya jujjuya.

"Wannan ai ba sai an je shago ba," in ji shi. "A cika guntun roba da yashi, a gasa shi a wuta, yadda kake so haka zai lanƙwasu. Fatu, ki bar mana garwashi da safe."

Haka aka yi. Da sassafe Baffa yana juya bututun roba a kan murhuna kamar mai gashin masara, Shahida tana riƙe da kwali tana cewa ƙara kaɗan, ƙara kaɗan, ya isa! Suka tsoma shi a ruwan sanyi, suka zazzage yashin. Baffa ya naɗe wando ya shiga tafki ya cusa shi a bakin na Baba. Sai duk suka juyo suka dube ni. Na riga na sani. Tukunya ta biyu tana nan na dafa, ban ma ɓata sukarina ba.

Muna kinkimo ta masu guduma suka yi sallama. Baffa ya ce su dakata tukuna, su zo su ga wani abu. Suka jingine gudumominsu suka jeru a bakin tafki, ba su san me ake ciki ba.

Shahida ta tuttula. Jan ya fita, wannan karon ta tsakiya, a miƙe. Ya daki bangon gabas ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya zagayo ta arewa. Ɗayan ya juyo kudu, yana tahowa, yana faɗi, mu kuma muna ta ihu kamar masu kallon ƙwallo. "Yana zuwa! Yana zuwa!" Har masu gudumar suka kama, alhali su aikinsu ne yake kuɓuce musu. Ya shiga kusurwar kudu, ya ture koren ruwan nan, ya ɗauki ganyen gwaiban ya yi gaba da shi. Ƙananan kifin da suka rage suka biyo sabon ruwan suna wutsil-wutsil.

Baffa ya juya wurin masu guduma, ya ba su haƙuri, ya ce aikin ya tashi, ba yau ba, ba gobe ba. Ya ce in ba shi abin sha ya ba baƙi. Na ce ya tambayi kifi.

Cikin hayaniyar nan sai na ji muryar Inno daga gindin gwaiba. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana.

"Ke, me ake gani ne? Ya kai?"

Duk mun manta ita ba ta ganin ja, ba ta ganin shuɗi. Na buɗe baki zan ba ta labari, Shahida ta riga ni. Ta kamo ta, ta taka da ita a hankali har kusurwar kudu, ta zaunar da ita a bakin siminti. Ta naɗe mata hannun riga, ta tsoma hannun a ruwa har wuyan hannu, sannan ta saki.

Inno ta buɗe yatsunta. Ta daɗe a haka, kanta a sunkuye.

"Da sanyi," in ji ta. "Yana jan yatsuna."

Wani ɗan kifi ya zo ya taɓa mata tafin hannu, ta zabura, sannan ta yi dariya, irin wadda rabon da mu ji ta tun Baba yana da rai. Ba ta cire hannun ba sai da aka kira azahar. Ta miƙe, ta ƙi a riƙe ta, ta lallaɓa zuwa gindin gwaiba, ta laluba da jiƙaƙƙen hannunta har ta sami bututun, ta shimfiɗa dardumarta a jikinsa.